Fitilar Madannai a Ɗakin Baffa Jafaru

A unguwarmu ta Lofere, a nan Garwa, kowa da abin da yake faɗa a kan Hibatullahi. Masu shagunan buga takardu na bakin babbar kasuwa cewa suke in ka kai mata kwamfuta tana ciwon kai, sai ta cire kan gaba ɗaya ta sa mata wani da ba wanda ya san yarensa. Limaminmu, wanda ta tayar masa da tsohuwar na'urar da 'ya'yansa suka riga suka tura ƙarƙashin gado, cewa yake hannunta na da albarka, gaisuwarta ce dai gajera. Goggo Sadiƙa kuwa har yau ba ta yafe mata rediyon da ta warware tana 'yar shekara tara ba.

Ni ban cika sa baki ba. Jikar Baffa Jafaru ce, 'yar Bilki, ni kuma ɗan ƙanensa ne, saboda haka Kawu take ce mini. Ita ta sa wa kwamfutata tsarin da ake kira Linux, bayan cutar kwamfuta ta cinye wanda ta zo da shi daga Yola. Ranar da ta gama, ana gobe za ta tafi Mokolo aikin wata biyu, ta juyo da na'urar gabana.

"Kawu, haruffan wannan jerin Ingilishi ne. In bar ta ta bi abin da ke rubuce a jikin madannan, ko in mai da ta jerin Faransanci irin wanda ka koya? In na mai da ta fa, abin da idonka ke gani ba shi zai fito ba."

"Mai da ta," na ce. "Ni ba na kallo. Yatsuna sun haddace."

Ina da shekara arba'in da uku na fara zama a aji, a makarantar yamma ta manya, bayan na ajiye tuƙin motar auduga. Har yau da yatsa biyu nake bugu, ina farautar kowane harafi da ido. Amma yarinyar da aka yi wa suna a gabana ce ke tambayata, sai bakina ya riga ni.

"To madalla," ta ce. "Abu ɗaya dai, kar ka kai ta kasuwa a taɓa. In ta yi gardama ka kira ni."

Washegari na danna Q, A ta fito. Kafin azahar ina rumfar Alphonse mai kayan waya. Ya manna wa kowane madanni baƙar sitika mai kauri da farin harafin Faransanci, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana murzawa da babban yatsa. Na dawo gida na ci gaba da farautata, ban gaya wa kowa ba.

Bayan mako uku aka yi wa Baffa aikin ido. Aikin ya yi, amma idon ya kumbura, haske kaɗan sai ya ce kamar ana soka masa allura. Likita ya ce a bar shi a duhu. Goggo Sadiƙa, ƙanwarsa da ke riƙe da gidan, ta rataye barguna biyu a taga, ɗaya a ƙofa, a cikin zafin watan Maris na Garwa.

Baffa ne kaɗai ya rage da ya san yadda mutanenmu suka baro Kano suka biyo ta Yola, wa ya auri wa, wa ke kwance a wace maƙabarta, wane gida a Marwa ko Kuseri namu ne. Shekara da shekaru ana roƙonsa ya faɗa yana cewa ba yau ba. Ranar Alhamis ya aika a kira ni.

"Mahfuzu, kai ne ba ka katse mutum. Gobe ka zo da abin rubutunka."

"Baffa, ko in ɗauki muryarka a waya?"

"A'a. Ban yarda in mutu muryata tana yawo a aljihun mutane ba. Ka rubuta, ka karanto mini, in ce haka ne."

Sannan ya ce 'yarsa Bilki na zuwa ranar Asabar ta sama ta tafi da shi Tuboro, inda mijinta ke aiki, don ita za ta iya jinyar. Ba wanda ya furta, amma ba mai zaton zai dawo. Ya kuma ce maganar Garwa a Garwa zai faɗe ta, in mota ta tashi ya rufe baki. Kwana tara ke nan. Ƙarfinsa kuma daga hantsi ne zuwa azahar, bayan nan zafi ya kwantar da shi.

Juma'a na shiga, na zauna a bakin tabarma, na buɗe kwamfutar. Ɗakin ya cika da farin haske har ina ganin ƙusoshin rufi. Baffa ya kifa tafin hannu a fuska.

"Kashe. Ka shigo mini da rana cikin ɗaki?"

Akwai madanni a ƙasa mai suna Fn, wanda in ka haɗa shi da na saman nan masu hoton rana, hasken allo ke raguwa. Da can yana yi. Na danna, na sake dannawa, na danne da ƙarfi. Ba abin da ya motsa. Na fito tsakar gida gumi na bin bayana, na kira Mokolo.

"Wannan laifina ne, Kawu, ban gwada su ba kafin in tafi," Hibatullahi ta ce. Ina jin ƙarar babura a bayanta. "Linux ɗin bai san ta wace ƙofa zai yi wa hasken magana ba. Za mu nuna masa. Kana da takarda?"

Kwana biyu muka yi a kan wannan. Ta sa na buɗe baƙar tagar da ake rubuta wa na'ura umarni, ta turo kalmomin ta waya, ni kuma na kwafa a takarda da manyan baƙaƙe kafin in buga. Akwai wani layi da za a ƙara wa acpi_backlight=native. Sau uku ina bugawa ba daidai ba. Sau ɗaya na'urar ta ƙi tashi sam, na zauna ina kallon baƙin allo, ina jin Baffa yana tari a ɗaki, ina lissafa kwanakin da suka rage da yatsun ƙafa a cikin takalmi. Ita ba ta ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Sai dai ta ce, "Karanto mini abin da ka gani, harafi harafi, kar ka gyara masa."

Asabar da la'asar na danna Fn da hoton rana, hasken ya sauka. Na sake dannawa ya ƙara sauka, har ya zama kamar garwashin da toka ta rufe.

Lahadi da hantsi na koma ɗakin. Baffa ya juyo da fuska, ya jira, ya ce wannan zai iya zama da shi. Ya yi bisimilla ya fara.

"Na farko da ya tsallako Binuwai sunansa Ridwan ɗan Mahmudu, fatake ne na kanwa, ya zo da ƙannensa biyu."

Na sa yatsa, sai na ga ba na ganin komai. Allon ya dushe, madannan sun zama baƙin faifai ɗaya. Na kunna fitilar waya na rufe ta da gefen riga.

"Me ke walƙiya kuma?"

Na kashe. Ya ci gaba, ni kuma ina laluben R a inda nake zaton take. Da na fito na duba abin da na buga, ko sunan Ridwan ban gane ba.

"Ai kwamfutarka na da fitila a ƙarƙashin madannai," Hibatullahi ta ce da na kira ta. "Haruffan kansu ke haske. Ita ma barci take, bari mu tashe ta."

Ta sa na sauko da sabon kanel, wanda ta ce shi ne zuciyar tsarin, abin da ya cinye mana yinin saboda layin intanet na yankewa. Ina zaune a zaure, ƙofa a buɗe, rana ta cika wurin. Na sake kunna na'urar, na danna abin da ta ce, na buga umarnin da zai tambayi fitilar halin da take ciki.

"Wace lamba ta fito?"

"Biyu."

"Biyu? To ai a kunne take har ƙarshe. Kana ganin haske?"

"Ba na gani."

Gaskiya na faɗa a lokacin. Ta ce in shiga wuri mai duhu in duba, za ta sake kira. Na shiga ɗakin ajiyar hatsi na ja ƙofa. Sai ga shi: siraran layukan haske kewaye da kowane madanni, irin wanda ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofar da aka rufe. Haruffan kuwa baƙi ƙirin. Na sa farce na ɗaga gefen sitikar A. A ƙarƙashinta Q ce, fara tas, tana haske.

Na daɗe a tsaye a wurin. In na ɓare su duka zan ga haruffa, amma abin da na gani ba shi zai fito ba, kuma ban san yadda ake mai da jerin ba. In na tambaye ta, sai na faɗi Alphonse, in faɗi yatsa biyu. Na mai da sitikar na murza ta da babban yatsa. Wayar ta yi ƙara a aljihuna.

"Ya yi, Kawu?"

"Babu haske," na ce.

Na gaya wa kaina kwana ɗaya ne, zan samo dabara. Litinin na shiga ɗakin ba na'ura, na ce wa Baffa zan riƙe a ka in rubuta a waje. Sauraro ai shi na iya. Ya yi awa biyu yana jero sunaye, ni ina maimaitawa a zuci. Da ya gaji na fito da gudu-gudu na zauna gindin darbejiya na buga abin da ya rage a kaina. Abin da ya rage bai kai rabi ba.

Ita kuwa can a Mokolo ba ta zauna ba. Kowane bayan awa sai saƙo ya shigo. Gwada wannan. Shiga saitin da ke fitowa kafin na'ura ta tashi, duba ko an kashe fitilar daga can. Cire caja ka sake gwadawa. Ina yin duk abin da ta ce, ina ba ta amsar da na riga na sani. Da ta ce in ɗauko mata hoton kwamfutar, sai na ɗauki allon kawai. Da ta ce mu yi kiran bidiyo, na ce layi ba kyau.

"Abin nan ya hana ni cin abinci," ta ce. "Na'ura ba ta ƙarya, Kawu. In ta ce biyu, biyu ne. Sai dai in wayar fitilar ce ta tsinke a ciki."

"Wataƙila," na ce.

Talata na karanto wa Baffa abin da na rubuta, ina tsaye a bayan bargon ƙofa inda haske ke ɗan shigowa. Ya saurara har na kai kan Mairamu, matar Hanzala mai jirgin ruwa.

"Tsaya. Wace Mairamu?"

"Ta Hanzala."

"Mairamu ta Hanzala ba ta haihu ba. Wadda ta haifi kakanka Mairamu ce ta gidan Marwa. Ka ɗauki uwar wani ka ba wani." Ya juyar da fuska. "In haka za a rubuta, gara a bar shi a cikina. Ƙarya a takarda ta fi ni tsawon rai. Je ka, sai abin rubutun ya gyaru."

Goggo Sadiƙa na bakin murhu ta ji komai. Ba ta tambaye ni komai ba, ta ce in kamo mata Hiba a waya, ta zare wayar daga hannuna.

"Ke, wace irin masifa kika ɗura wa na'urar bawan Allah? Ta mutane in an danna sai ta yi, taki sai an yi mata saukar Alƙur'ani. Kakanki na nan yana haɗiye sunayen iyayenmu saboda iyayinki. Asabar uwarki za ta zo, kin sani ko?"

Ban ji abin da aka amsa mata ba. Ina tsaye kusa da ita kamar turmi. Ta miƙo mini wayar, ta koma kan tukunya tana cewa tun rediyo ta san za a yi haka.

Laraba Baffa bai neme ni ba. Na je rumfar da nake ɗan cinikina na buɗe, na kasa zama, na rufe. Na bi ta gaban shagon Alphonse sau biyu ban tsaya ba, don ko na tsaya ban san me zan ce ya yi mini ba. Na gangara har gada na tsaya ina kallon ruwan da ya janye ya bar rairayi, na hau babur na dawo. Na ɗauko wayar na rubuta mata "Akwai abin da ban faɗa miki ba," na goge. Tun safe kuma ba saƙonta ko ɗaya, wannan ya fi saƙonnin damuna.

Ana kiran la'asar babur ya tsaya a ƙofar gida. Hibatullahi ce, da jaka a baya da ƙaramin akwatin sukundireba a hannu, idonta ja wur. Tun asuba ta bar Mokolo, ta canza mota a Marwa. Ta ce ta roƙi mai aikin kwana biyu, ya ba ta yana ɓata rai.

"Ina take, Kawu? In buɗe cikinta in ga wayar."

Na kawo ta zaure. Ta ɗora a cinya, ta ɗaga murfin.

Ta dubi madannan, ta shafa su da yatsa, ta ɗago ta dube ni. Ni kuma na dubi takalmanta, da jar ƙasar hanya a jikinsu. Ta ajiye akwatin sukundireban a gefe ba ta buɗe ba. Ta sa farce ta fara ɓarewa, tana manna kowace sitika a bayan hannunta, har hannun ya cika ta koma kan jaka. Ta jiƙa gefen mayafinta ta goge danƙon. Sannan ta shiga saiti, ta yi danne-danne da bai kai minti ɗaya ba.

"Na mai da ta jerin da ke rubuce a jiki," ta ce, muryarta ƙasa ƙasa. "Abin da ka gani shi zai fito. Wurin haruffa kaɗan ne ya canza, za ka saba."

Goggo Sadiƙa ta leƙo. "An gyara ɓarnar?"

"An gyara, Goggo."

"Sai da kika zo da ƙafarki. Shigo ki sha ruwa, kin yi baƙi kamar gawayi."

Ta tashi ta bi ta. Na zauna da na'urar a gabana.

Alhamis da hantsi muka shiga ɗakin mu biyu. Na rage hasken allo har ƙasa, na kunna fitilar madannan a mataki na ɗaya. Haruffan suka fito ƙanana, a sarari, ba su kai ko gwiwata da haske ba. Na juya baya kaɗan don in kare Baffa. Bai ce komai a kan haske ba.

"Wa nake ji tana numfashi kamar ta hau dutse? Matar nan tawa da ta gudu ta bar ni?"

"Ni ce, ango. An ce ka rufe tagogi don kar ka ga yadda na yi kyau."

"Na rufe don kar in ga abin da kika yi wa na'urar mutane. Zauna nan kusa, ki yi mini fifita, ko kya biya wani abu."

Ta zauna ta ɗauki mafici. Ya yi bisimilla, ya koma kan Ridwan ɗan Mahmudu daga farko. Yana faɗa ina bugawa da yatsuna biyu, a hankali, amma kowane suna na zama inda ya kamata. In ya kai ƙarshen gida sai in karanto, ya ce haka ne. Hibatullahi na ganin yadda nake farautar haruffan, ba yadda za a yi ba ta gani ba, sai ta mai da fuskarta wajen kakanta. Muka gama gidan Yola, muka gama Mairamu biyun kowace da nata. Na ji motsin Goggo a bayan bargo, ta jawo kujera ta zauna tana saurare.

Wajen sha ɗaya muryarsa ta fara dushewa. Ya sha ruwa, ya jingina da bango.

"Gobe Juma'a, yinin gajere ne. Za mu yi gidajen Marwa da na nan Garwa. Mutanen Kuseri kuwa sai dai mu tsallake su. Gida goma sha ɗaya ne, kowane da rassansa, ba za su shiga ba." Ya ja numfashi. "Can uwata ta fito. Na so a ce an rubuta ta. Da kwanakin nan uku da na'urar matata ta cinye suna hannu, da sun ishe mu."

"Laifina ne, Kaka," Hibatullahi ta ce, mafici bai tsaya ba. "Ka ci ni tara."

"Zan ci. Mahfuzu, rubuta: gidan Alhaji Abdulkarimu na Marwa."

Yatsuna na kan madannan, ina ganin A ɗin sarai, na kasa dannawa.

"Mahfuzu, ka yi barci ne?"

Na janye hannuna. Muryar da ta fito ta fi yadda na yi niyya ƙarfi, ban kuma rage ta ba.

"Baffa, ba na'urar ba ce, ba kuma Hibatullahi ba ce. Goggo, ɗaga bargon ki ji da kyau. Fitilar nan tun ranar Lahadi take kunne, ta gyara ta tun daga Mokolo. Ni na kai kwamfutar kasuwa aka rufe haruffan da sitika, don ban iya bugu ba sai ina kallo, kuma na ji kunyar faɗa. Na ga hasken da idona na ce mata babu. Kwana ukun nan ni na cinye su, mutanen Kuseri ni na jawo musu. Baffa, ka yafe mini. Hibatullahi, na bari an zage ki ina tsaye, na taso ki daga wurin aikinki a banza. Don Allah ki yafe mini."